Yadda ake tambayar kwamfuta abin da ke cikinta

1. Gani ya kori ji

Mai sayen rago a kasuwa ba ya tsayawa ga maganar dillali. Dillali zai ce ragon ɗan shekara biyu ne, lafiyayye ne. Mai saye zai saurara, sa'an nan ya kama ragon, ya buɗe bakinsa, ya dubi haƙora. Haƙora su ne ke faɗin shekaru.

Kwamfuta ma ana sayenta a kasuwa. Ita ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake ce ma ordinateur da Faransanci. Da yawa cikin waɗanda ake sayarwa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai sun yi aiki a hannun waɗansu mutane kafin su iso shago. Ana liƙa ma kowace takarda mai faɗin ƙarfinta. Amma takarda ana iya ɓamɓare ta, a liƙa ma wata na'ura.

Kwamfuta ba ta da haƙora, amma ta san abin da ke cikinta. In an tambaye ta da kalmomin da take ganewa, za ta ba da amsa a rubuce. Ba sai an kwance ta ba. Abin da ake bukata shi ne iya karatu, da iya rubutu, da ɗan lissafi.

2. Gaɓoɓi uku

Cikin kwamfuta akwai gaɓoɓi da yawa. Uku ne suka fi muhimmanci ga mai saye.

Ta farko ita ce ƙwaƙwalwa. Ƴar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannun yaro ba. Ita ke yin lissafi, ita ke aiwatar da duk abin da aka ce a yi.

Ta biyu ita ce allon aiki. Kamar allon ɗan makaranta yake. Abin da ƙwaƙwalwa ke aiki a kansa yanzu, a nan take ajiye shi. In allo babba ne, ayyuka da yawa za su shiga gaba ɗaya. In ƙarami ne, sai an yi ta gogewa ana sake rubutawa, aiki ya yi nauyi. Da wutar na'ura ta mutu, duk abin da ke bisa allo ya goge.

Ta uku ita ce rumbu. A nan ake ajiyar takardu, da hotuna, da darussa. Abin da aka sa cikin rumbu yana nan ko an kashe na'ura.

Bayan gaɓoɓi kuma akwai babban tsari. Shi ba ƙarfe ba ne, rubutu ne. Shi ke raba ma gaɓoɓi aiki, kamar yadda maigida ke raba ma ƴaƴansa aiki a gandu. Waɗanda aka fi sani su ne Windows, da Linux, da macOS.

3. Ma'aunin kwamfuta

Ana auna hatsi da tiya, ana auna yadi da meta. Allon aiki da rumbu kuwa ana auna su da okte. Okte ɗaya yana ɗaukar harafi ɗaya, kamar a ko b. Cikin hanyar rubutu da aka fi aiki da ita yau, mai suna UTF-8, haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowane yana cin okte biyu. Kalmar «kasa» okte 4 ce, kalmar «ƙasa» kuwa okte 5.

Okte dubu su ne kilo ɗaya, ana rubuta Ko.
Kilo dubu su ne mega ɗaya, ana rubuta Mo.
Mega dubu su ne jiga ɗaya, ana rubuta Go.
Jiga dubu su ne tera ɗaya, ana rubuta To.

A nan akwai abin lura. Masu ƙera rumbu suna ƙirga da 1000. Kwamfuta kuwa sau da yawa tana ƙirga da 1024, don lissafinta na ninka biyu ne: 2, 4, 8, 16, har 1024. Saboda haka rumbun da aka rubuta ma 500 Go, in an tambayi na'ura sai ta ce 465 da ɗan abu. Ba wanda ya saci kome. Hatsin ɗaya ne, tiyar ce ta fi girma.

4. Baƙar taga

Yawancin mutane suna aiki da kwamfuta ta hanyar taɓa hotuna da ɓera, wato ɗan abin nan da ake turawa bisa tebur. Kafin wannan hanya ta yaɗu, rubuta ma na'ura umurni ake yi, ita kuma ta rubuto amsa. Wannan tsohuwar hanya tana nan har yau. Ita ake kira layin umurni.

A shekarar 1969, a Amurka, waɗansu masana na wurin binciken Bell, cikinsu har da Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka soma gina babban tsari mai suna Unix. A shekarar 1991, wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya soma rubuta Linux bisa kamannin Unix. Linux kyauta ne, kowa yana iya ɗauka. Wayoyin salula masu Android ma bisa Linux aka gina su. Yawancin umurnin wannan darasi na Linux ne.

Wurin rubuta umurni wata taga ce, sau da yawa baƙa, ba hoto cikinta. Sunanta terminal. Cikin Linux irin na Ubuntu, ana buɗe ta in an danna maɓallai uku tare: Ctrl, da Alt, da T. Za a ga ɗan rubutu wanda ya ƙare da wannan alama: $. Ma'anarta na'ura tana jira. Sai a rubuta umurni, a danna Entrée.

Dokokin rubutun uku ne. Ƙaramin harafi dabam, babba dabam. Inda aka bar fili, a bar fili. Inda aka sa ɗan karan nan (-), a sa shi. Bisa allon haruffa irin na Faransa, mai farawa da AZERTY, ɗan karan yana maɓalli ɗaya da lamba 6. In an kuskure harafi ɗaya, na'ura za ta ce ba ta san umurnin ba. Sai a sake rubutawa daidai.

Amsa tana zuwa da Faransanci ko da Ingilishi, gwargwadon harshen da aka zaɓa ma na'ura. Lambobi kuwa ɗaya ne a kowane harshe.

5. Tambayoyi biyar

Tambaya ta farko: wane tsari ke tafiyar da ke? Ana rubuta:

uname -a

Na'ura za ta ba da layi ɗaya mai tsawo. A farkonsa akwai sunan tsarin, da sunan da aka raɗa ma na'urar, da lambar da ke nuna ko tsarin sabo ne ko tsoho.

Tambaya ta biyu: wace irin ƙwaƙwalwa gare ki? Ana rubuta:

lscpu

Haruffan ls guntun wata kalmar Ingilishi ne mai nufin «jera». Amsar tana da tsawo, ba sai an karanta duka ba. A nemi layin Nom de modèle. Ga misali:

Intel(R) Core(TM) i5-3320M CPU @ 2.60GHz

Intel shi ne kamfanin da ya ƙera. Core i5 shi ne dangin ƙwaƙwalwar. Lamba 3 da ke farkon 3320 tana nuna zuriya ta uku, wadda ta fito a shekarar 2012. 2.60GHz kuwa sauri ne: ƙwaƙwalwar tana bugawa sau miliyan dubu biyu da ɗari shida cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta farko da Intel ya sayar, mai lamba 4004, a shekarar 1971 ta fito, bugunta bai kai miliyan ɗaya cikin daƙiƙa ba. Wanda ya iya karanta wannan layi, ba a sayar masa da ƙwaƙwalwar 2012 a ce masa ta bana ce.

Tambaya ta uku: allon aikinki nawa ne? Ana rubuta:

free -h

Harafin h yana sa amsa ta zo da mega da jiga, yadda mutum zai karanta da sauƙi. A dubi layin Mem. Ƙarƙashin total akwai girman allon duka. Ƙarƙashin utilisé akwai abin da ake aiki da shi yanzu. Ƙarƙashin disponible akwai abin da ya rage ma sabon aiki. Na'ura mai jiga 4 takan nuna kamar 3,7 ko 3,8, don tana keɓe ma kanta kaɗan. Mai jiga 8 takan nuna 7 da ɗan abu.

Tambaya ta huɗu: rumbunki fa? Umurni biyu ke amsa ta:

lsblk
df -h

Na farko yana jera rumbunan da ke cikin na'ura, da girman kowane, da yadda aka raba shi ɗaki ɗaki. Rumbu na farko sau da yawa sunansa sda, na biyu sdb. Umurni na biyu yana faɗin yadda kowane ɗaki ya cika. In ya nuna 95%, rumbu ya kusa cika, lokacin share abin da ba a bukata ya yi.

Tambaya ta biyar: me aka haɗa miki? Ana rubuta:

lsusb

Za a ga jerin abin da aka soka cikin ƙofofin USB: ɓera, ko kile, wato ɗan rumbun aljihu, ko injin buga takardu. In an soka abu amma sunansa bai fito ba, ko ƙofar ta lalace, ko wayar, ko abin kansa. Sai a gwada wata ƙofa. Ta haka ake gane ƙofar da ta mutu tun ba a biya kuɗi ba.

6. Shekaru, batir da zafi

Rumbu yana ƙirga awoyin da ya yi yana aiki. Ana ganinsu da umurnin smartctl, amma sai an ƙara ma na'ura shi, kuma sai da izinin mai kula da ita. Ana rubuta:

sudo smartctl -a /dev/sda

Sai a nemi layin Power_On_Hours. Shekara ɗaya awa 8 760 ce. Rumbun da ya nuna 17 520 ya yi aikin shekara biyu cur, dare da rana. A tuna dai, wannan lamba ta rumbu ce kaɗai. Ana iya sa sabon rumbu cikin tsohuwar na'ura.

Batir yana tsufa. Inda kuran ke yawan ɗaukewa, kwamfutar hannu mai mataccen batir wahala ce. Ana rubuta:

upower -d

A nemi layi biyu. energy-full-design shi ne abin da batir ke ɗauka ranar da aka ƙera shi. energy-full shi ne abin da yake ɗauka yau. In na farko 48 ne, na biyu 24, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Zafi ma ana tambayarsa, da umurnin sensors, in an ƙara ma na'ura shi. Ƙwaƙwalwa tana yin zafi in tana aiki, shi ya sa aka sa mata ƴar fanka. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska. Cikin watan Afrilu da Mayu kuma zafin rana yakan wuce digiri 40. In ƙwaƙwalwa ta kusa digiri 100, sai ta rage sauri da kanta, wani lokaci ma na'urar ta mutu. In aka ga 85 ko 90 alhali ba a wani babban aiki, fanka na son shara. Kada a aza kwamfuta bisa katifa ko bargo, a aza ta bisa tebur.

7. In na'ura mai Windows ce

Windows ma yana da baƙar taga. Ana rubuta cmd cikin wurin nema, a danna Entrée. Sa'an nan a rubuta:

systeminfo

Wannan umurni ɗaya yana faɗin sunan tsarin, da ranar da aka sa shi, da irin na'urar, da ƙwaƙwalwa, da girman allon aiki. Don batir kuwa ana rubuta:

powercfg /batteryreport

Na'ura za ta rubuta rahoto, ta faɗi inda ta ajiye shi.

Masu gyara suna da wata dabara. Suna sa Linux cikin kile, su tada kowace na'ura da shi, su yi tambayoyinsu, su zare kilen. Abin da ke cikin rumbu ba a taɓa shi ba.

8. Karatu: A shagon Alhaji

Uwayen yara na wani ƙauye sun tara jika ɗari don a saya ma lakkol kwamfuta. Kuɗin gero ne da na wake, ba wanda ya same su a banza. Ranar kasuwa malam ya tafi birni da kuɗin, da kilensa, da wata yarinya ƴar babban aji.

Suka shiga wani shago, suka gaisa da mai shi. Ya ɗauko wata na'ura, ya goge ta da tsumma.

— Malam, ga wadda ta dace da ku. Allon aiki jiga 8, rumbu jiga 500, batir kamar sabo. Ga takarda nan a jikinta.

— Madalla, Alhaji. Ka yarda yarinyar nan ta tambaye ta?

Alhaji ya yi dariya.

— Ƴata, ke kin iya magana da ƙarfe? To, bismilla.

Malam ya tada na'ura da kilensa. Yarinya ta buɗe baƙar taga, ta rubuta lsblk.

— Baba, rumbu ya nuna 465,8. Maganarka gaskiya ce, jiga 500 ke nan.

Alhaji ya gyara zama. Ta rubuta free -h, ta duba, ta sake dubawa.

— Baba, a nan 3,7 na gani. Wannan jiga 4 ce, ba 8 ba.

— Duba da kyau, ƴata.

Ta juya masa fuskar na'ura, ta sa yatsa ƙarƙashin lambar. Sa'an nan ta tambayi batir: an ƙera shi da 48, yau 19 yake ɗauka.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce:

— Wallahi malam, guda goma na saya gaba ɗaya, takardar da na gani ita na faɗa.

— Ba mu ce ka yi ƙarya ba, Alhaji. Takardar ce ba ta faɗi daidai ba.

Suka daidaita. Alhaji ya kira yaronsa mai gyara, ya ƙara ma na'urar allon jiga 4, ya sake mata batir, kuɗi kuma bai ƙaru ba. Yarinya ta sake rubuta free -h, na'ura ta nuna 7,6. Malam ya biya, ya karɓi takardar shaida.

Da za su fita, Alhaji ya ce:

— Ƴata, rubuta mini kalmomin nan bisa takarda. Sauran tara ma ina so in tambaye su.

9. Inda ake hattara

Na'ura tana faɗin abin da gaɓoɓinta suka gaya mata. Akwai kile na jabu wanda aka koya ma ƙarya. Yana cewa jiga 64 gare shi, alhali bai wuce 8 ba. lsblk zai maimaita 64 ɗin. Ba a gane shi sai an cika shi da kaya, an sake buɗe kayan ɗaya ɗaya. Abin da ya wuce girmansa na gaskiya za a tarar ya lalace. Kilen da arharsa ta yi yawa, a gwada shi kafin a ba shi amanar darussa.

Umurnin da ke cikin wannan darasi tambaya kawai suke yi, ba sa share kome. Amma akwai waɗansu masu sharewa, kamar rm, da dd, da mkfs. Abin da suka share ba ya zuwa kwandon shara, da wuya a same shi kuma. Kalmar sudo tana ba umurni ikon mai gida duka. Saboda haka ɗan makaranta ba ya rubuta umurnin da bai san aikinsa ba, kuma ba ya rubuta sudo sai malam yana kusa.

Abin riƙewa

Gaɓoɓi uku na kwamfuta su ne ƙwaƙwalwa, da allon aiki, da rumbu.
lscpu yana faɗin ƙwaƙwalwa. free -h yana faɗin allon aiki. lsblk da df -h suna faɗin rumbu.
Ana tambayar na'ura kafin a biya kuɗi.
Ba a rubuta umurnin da ba a sani ba.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

ƙwaƙwalwa: le processeur
allon aiki: la mémoire vive
rumbu: le disque dur
babban tsari: le système d'exploitation
umurni: la commande
allon haruffa: le clavier
ɓera: la souris
fuskar na'ura: l'écran

Tambayoyi

1. Don me mai sayen rago ke duba haƙora?
2. Kuran ya ɗauke. Me ya goge, me ya rage?
3. Wa ya soma rubuta Linux? A wace shekara? A wace ƙasa?
4. Don me yarinya ta ce 465,8 daidai ne, amma 3,7 ba daidai ba ne?
5. Alhaji maƙaryaci ne? Ku faɗi dalilinku.
6. Yaya ake gane kilen jabu?

Lissafi

1. Okte nawa ke cikin kalmar «ɗaki»? Nawa ke cikin «ƴaƴa»?
2. Rumbu ya nuna awa 26 280. Shekara nawa ke nan, dare da rana?
3. An ƙera batir da 60, yau yana ɗaukar 15. Kashi nawa cikin ɗari ya rage masa?
4. Hoto ɗaya yana cin mega 4. Hotuna nawa za su shiga kile mai jiga 8, in an ƙirga da 1000?

Aiki

Ku ja layi uku cikin kayenku. A na farko ku rubuta tambaya da Hausa. A na biyu ku rubuta umurni. A na uku ku rubuta amsar da na'ura ta bayar. In lakkol ɗinku ba ta da kwamfuta, ku kai takardar wurin mai gyara ko wani ma'aikacin buro, ku gaishe shi, ku roƙe shi ya bar ku ku cika ta a gabansa.